Randar Baffa da ƙarafan Umuahia

A zauren gidanmu na gado da ke Zariya akwai wani gurbi a ƙasa, dab da ƙofa, wanda har yau daɓen wurin bai yi daidai da sauran ba. Nan ne randar Baffa ta zauna kusan shekara talatin. Kullum da asuba, idan ya dawo daga masallaci, shi da kansa yake wanke ta, ya cika ta da ruwa, ya rufe da faifai, ya ɗora moɗa a kai, duk da cewa ƙafarsa ta hagu ba ta lanƙwasuwa, jan ta yake yi. Bai taɓa yarda yaro ya karɓe shi wannan aiki ba. Almajiri da ɗan dako da mai tallar nono da baƙon da ba a san daga inda ya fito ba, kowa ya zo wucewa yana iya tsayawa ya sha, ba sai ya nemi izinin kowa ba.

Baffa ƙanen mahaifina ne. Ya shiga soja a 1968 yana saurayi, lokacin da yaƙin basasa ya yi zafi ana ɗaukar kurata ba ƙaƙƙautawa. Rundunar da ba ta wuce mutum kimanin 10,000 ba kafin yaƙin, sai da ta kai kusan 250,000 a ƙarshensa, kuma da yawa daga cikinsu irin Baffa ne, 'ya'yan manoma da masu sana'ar hannu da aka yi wa horon 'yan makonni, aka loda su a jirgin ƙasa zuwa garuruwan da ba su taɓa jin sunayensu ba. Ya dawo da ɗingishi, da akwatin ƙarfe, da kuma wani shiru da bai rabu da shi ba har kabari. Ya yi gadi a wani kamfani, ya yi zaryar neman fansho a wani ofis har takalmansa suka ƙare. Game da yaƙin kuwa, abin da muka sani bai wuce jimla ɗaya ba, ita ma daga bakin mahaifiyata muka ji ta: an harbe shi a kusa da wani gari da ake kira Umuahia.

Sau ɗaya tak Baffa ya taɓa dukana. Ina ɗan shekara goma, wani Ibo mai sayar da magunguna ya zo wucewa ta layinmu da akwatinsa a ka, muka bi shi da ihu muna kiran sa da sunan nan da muka saba kiran mutanensu da shi. Ban ankara ba sai na ji an damƙi kunnena. Baffa ya ja ni cikin zaure, ya tsinka mini mari, ya ce, "Kai, ka san ma'anar abin da kake faɗa?" Na ce ban sani ba. Ya ce, "To, kada in sake ji." Bai ƙara kalma ɗaya ba. Sai da na girma na ji ana cewa asalin sunan daga "ba ni ruwa" ne a harshensu. A lokacin Baffa ya riga ya tsufa, ni kuma nauyinsa ya hana ni tambaya. Ina ta cewa gobe, har goben ta zo ba ya nan.

Bara aka tura ɗana na fari bautar ƙasa Jihar Abiya. Ranar da takardar ta fito gidan ya kaure kamar an aiko da saƙon rasuwa. Mahaifiyarsa ta ce a nemi hanya a sauya masa, 'yan uwa suka yi ta bugo waya kowa da labarin tsoron da ya gani a Facebook. Ni ma ba zan yi ƙarya ba, gabana ya faɗi. Amma yaron ya kafe a kan zai je, na kuma tuna cewa ita kanta bautar ƙasar an ƙirƙiro ta ne a 1973, a mulkin Janar Yakubu Gowon, don 'ya'yan waɗanda suka harbi juna su san juna. Ya tafi, aka ba shi koyarwa a wata sakandare kusa da Umuahia. Bayan wata huɗu na shirya zuwa duba shi. Na ce wa mutanen gida lafiyar yaro zan je gani, amma a raina na san akwai wani abu da nake nema ban da wannan.

Na bi ta Makurɗi da Otukpo zuwa Inugu, wato kusan hanyar da Runduna ta Ɗaya ta bi ta gangara Gabas. Daga Inugu muka kama titin Fatakwal, muka wuce kasuwar shanu ta Lokpanta inda Hausa ke tashi kamar kana Wudil, sannan muka isa. Umuahia gari ne mai tudu da gangare, ƙasarsa ja, ko'ina kore shar da itatuwan kwakwar manja. Na riƙa kallon dajin da ke gefen hanya ina tunanin saurayin da ya tashi a filin da ido ke hangen nesa, an jefa shi cikin wannan duhuwa inda ba ka ganin abin da ke taku goma a gabanka, ga ruwan sama ba dare ba rana.

Kashegari na ce wa yaron ya raka ni gidan tarihin yaƙi. Wata huɗu yana garin, bai taɓa zuwa ba. Gidan yana unguwar Ebite Amafor, a gefen gari, kuma an kafa shi a 1985. Ba wani katafaren wuri ba ne. Mai sauri zai iya zagaye shi cikin awa ɗaya. An zaɓi wurin ne saboda a nan, cikin wani ɗaki na ƙarƙashin ƙasa, gidan rediyon Muryar Biyafara ya riƙa watsa shirye-shiryensa. Dalili kuwa, bayan da Inugu ta faɗa hannun sojojin tarayya ranar 4 ga Oktoban 1967, Umuahia ce ta zama hedikwatar Biyafara, har zuwa 22 ga Afrilun 1969 da Runduna ta Ɗaya a ƙarƙashin Kanar Muhammadu Shuwa ta karɓe ta bayan gumurzu mai tsanani a yankin Uzuakoli. A wannan ɗauki-ba-daɗi ne aka harbi wani matashin hafsan soja mai suna Ibrahim Babangida. Shi an san ranarsa da wurinsa, domin daga baya ya zama shugaban ƙasa. Irin su Baffa kuwa, da suka zubar da jini a wannan daji a cikin waɗannan makonni, sai dai danginsu su tuna.

Abin da ya fara tarbar mu a farfajiyar shi ne ƙarfe. Ga jirgin ruwan yaƙi mai suna Bonny a zaune kan busasshiyar ƙasa, nesa da teku. Ga jiragen sama ƙirar Rasha da gwamnatin tarayya ta yi amfani da su, waɗanda ƙararsu kaɗai ta isa ta watsa kasuwa. Kusa da su ga wani ɗan mitsitsin jirgi mai farfela, irin waɗanda wani bature ɗan ƙasar Suwidin, Carl Gustaf von Rosen, ya kawo guda biyar a watan Mayun 1969, aka ɗaura musu rokoki, suka kai farmaki filayen jiragen Fatakwal da Benin da Inugu. Yaron ya yi dariya, ya ce, "Abba, wannan ai bai fi Keke Napep ba." Na ce masa ƙaramin sani ƙuƙumi ne, wannan ɗan abin ya hana manya barci.

Inda na fi daɗewa shi ne wurin kayan da mutanen Biyafara suka ƙera da hannunsu. Da aka toshe musu hanyar teku da ta ƙasa, sai suka tara injiniyoyinsu da malaman kimiyya da maƙera da masu walda a wata ƙungiyar bincike da ƙere-ƙere. Su suka riƙa tace man fetur a cikin daji, su suka lulluɓe tsofaffin motoci da faifan ƙarfe suka mayar da su motocin sulke da ake wa laƙabi da Jan Shaiɗan. Su ne kuma suka haɗa nakiyar nan da ake kira Ogbunigwe, wato mai kashe jama'a a taro, wadda sojoji suka raɗa wa suna bokitin Ojukwu. Da ka gan ta ba za ka ce wani abu ba ce: gwangwani ne na ƙarfe mai faɗin baki, ana cusa masa albarushi da guntayen ƙarafa da ƙusoshi da tsakuwa. Na tsaya a gabanta zuciyata ta rabu biyu. Rabi yana jinjina wa basirar mutanen da aka rufe wa kowace ƙofa amma suka ƙi miƙa wuya. Rabi kuma yana tuna tabon da ke cinyar Baffa, wanda na taɓa gani sau ɗaya yana alwala, fata ta tattare kamar an ɗinke buhu. Ban sani ba ko irin wannan ce ta same shi. Na dai kasa ɗaukar hotonta kamar yadda sauran baƙi ke yi.

A cikin ginin akwai sashen makaman gargajiya, baka da kibiya da mashi da garkuwa da bindigar toka, irin waɗanda kakanninmu suka riƙe. Akwai na tarihin rundunonin Najeriya da kayan sarkinsu. Muka wuce su da sauri, muka kama matakalar da ke gangarawa ɗakin rediyon. A bangon an jera hotunan jagororin ɓangarorin biyu. Abin da ya fara kama ni shi ne ƙuruciyarsu. Ranar da aka harba harsashin farko, 6 ga Yulin 1967, Gowon yana da shekara 32, Ojukwu yana da 33. Ɗaya a Wusasa ya tashi, a bayan gidanmu. Ɗaya kuma a Zungeru aka haife shi, kuma shi ne kwamandan Bataliya ta Biyar a Kano a farkon 1966. Mutane ne da suka san juna, suka ci abinci a teburi ɗaya. Ba baƙi ba ne suka yaƙi baƙi.

Sai kuma hotunan yara. Na sha ganin irinsu a littattafai, amma ganinsu a cikin wannan rami mai ɗumi, a garin da abin ya faru, daban ne. Ciki ya kumbura, ƙafafu kamar tsinke, gashi ya yi ja saboda tamowa, idanu sun yi wa fuska yawa. Masana sun saɓa a kan adadin waɗanda suka mutu a yaƙin, daga rabin miliyan zuwa miliyan biyu ko fiye, amma sun haɗu a kan abu guda: yunwa ta kashe fiye da abin da harsashi ya kashe, kuma yara ne suka fi tafiya. Yaron da ke ta zuba tun daga ƙofa, a nan ya yi tsit.

Muna tsaye muna magana ƙasa-ƙasa sai muka ji an ce, "Sannunku da zuwa, Malam. Daga ina?" Na juya, sai ga wani dattijo da jar hula, ya kai shekara saba'in, ya rako jikokinsa biyu. Hausarsa tsaf, har da karin Zamfara. Na gaishe shi, na ce daga Zariya. Ya ce a Gusau aka haife shi, mahaifinsa ma'aikacin jirgin ƙasa ne. Yana ɗan shekara goma sha ɗaya suka gudo a ƙarshen daminar 1966, da kayan jikinsu kawai.

Ya ce, "Wanda ya ɓoye mu kwana biyu a ɗakin matarsa Bahaushe ne. Wanda ya nuna gidanmu ma Bahaushe ne. Duka biyun na san sunansu har yau."

Ya nuna hotunan da haɓarsa, ya ce ƙanwarsa haka ta koma kafin ta rasu, a wani ƙauye da bai kai tafiyar awa ɗaya daga inda muke ba. Bai ɗaga murya ba, bai kuma yi kamar yana neman in ba shi haƙuri ba. Ya tambaye ni abin da ya kawo ni. Na ce, "Baba, ƙanen mahaifina ya yi yaƙi a nan." Ya ce, "Ya koma gida?" Na ce ya koma. Daga nan ban san yadda aka yi ba sai na ji ina ba shi labarin randar, da marin, da komai. Ina tsammanin zai ce lallai Baffa mutumin kirki ne, domin abin da na yi tafiyar kwana guda don in ji ke nan. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Wataƙila ya ba wani ruwa ne, abin ya zauna masa a rai. Wataƙila kuma ya hana ne. Allah kaɗai Ya sani, Malam." Muka yi musabaha, ya ja jikokinsa suka hau.

Wannan magana ba ta bar ni ba har yau. Shekara da shekaru ina ba kaina labarin randar ta fuska ɗaya, fuskar da ta yi mini daɗi: soja mai tausayi da ya shayar da abokin gaba. Ban taɓa yarda in duba ɗaya fuskar ba, cewa mai yiwuwa randar kaffara ce. Kuma na lura abin da na yi wa labarin Baffa shi ne abin da muke yi wa labarin yaƙin gaba ɗaya.

Mu a Arewa, idan za mu ba da labarin, daga 15 ga Janairun 1966 muke farawa: daren da aka kashe Sardauna Ahmadu Bello da Firaminista Abubakar Tafawa Ɓalewa da Birgediya Zakariya Maimalari da Kanar Kur Muhammad da sauransu. Wannan gaskiya ne, kuma ciwo ne da bai warke ba. Su kuma a Gabas daga watan Mayu da Satumba da Oktoban wannan shekara suke farawa, lokacin da aka kashe dubban mutanensu a garuruwanmu, su wuce zuwa abin da ya faru a Asaba a Oktoban 1967, su ƙare da yunwa da kuma fam 20 da aka ba mai ajiyar kuɗin Biyafara bayan yaƙi, komai yawan abin da ya ajiye. Wannan ma gaskiya ne. Janar Aguiyi-Ironsi, da aka kashe a juyin mulkin ramuwar gayya na 29 ga Yulin 1966, ɗan Umuahia ne, a nan kabarinsa yake. Kowane ɓangare daga nasa rauni yake buɗe littafin, ya rufe kafin ya kai shafin da hannunsa ya yi jini. Ɗan da aka raina da rabin labari kuwa, ba abin da zai gada sai haushi.

Gidan tarihin ya yi iya nasa. Ya ajiye jirgin wannan ɓangare kusa da na wancan, hoton wannan kusa da na wancan, ya bar mai ido ya gani. Amma ƙarfe ba ya magana. Igwa ba za ta gaya maka abin da wanda ya harba ta ya riƙa gani a mafarki ba. Wannan sashe na tarihin ba a Umuahia yake ba. Yana zaurukanmu, a bakin tsofaffin da muke wucewa kullum suna zaune a kan benci, waɗanda ba mu tuna da su sai ranar 15 ga Janairu idan an fito da su a talabijin ana ajiye furanni. Wanda ya shiga soja yana ɗan shekara ashirin a 1968, yau ya doshi tamanin. Kowace shekara ana binne wasu, kowanne da nasa littafin da ba a buɗe ba. Nawa ya wuce ni, kuma ba laifin kowa ba ne sai nawa.

Da muka fito, muka zauna a inuwa muna shan ruwan leda. Yaron ya ce, "Abba, me ya sa ba a taɓa gaya mana ba?" Na so in ɗora laifin a kan makaranta, tunda ya yi karatunsa ne a shekarun da aka cire darasin tarihi daga ƙananan azuzuwa. Amma na tuna a gidana ya tashi, a gabansa akwatin Baffa yake, da lambar yabo da littafin sallama daga aiki a ciki, ban taɓa buɗe masa ba. Na ce masa ni ma ba a gaya mini ba, kuma ban tambaya ba.

Shi ya sa nake jin tsoro idan na ga matasanmu, na nan da na can, suna rubuta "a raba ƙasa kowa ya huta" ko "in sun isa su gwada" a wayoyinsu, kamar masu gardamar ƙwallo. Zama tare ko rabuwa magana ce da masu hankali za su iya tattaunawa, ba na ce haramun ba ce. Amma wanda ke kiran yaƙi da baki mai daɗi, bai taɓa tsayawa a gaban waɗancan hotuna ba. Wanda bai san dare ba shi ke raina fitila. Watanni talatin aka yi ana wannan yaƙi, har zuwa 15 ga Janairun 1970 da Philip Effiong ya miƙa wuya a Legas, Gowon ya ce babu wanda ya yi nasara, babu wanda aka cinye. Manyan da suka ja ragamar sun yafe wa juna. Ojukwu ma Shugaba Shehu Shagari ya yi masa afuwa ya dawo gida a 1982. Ƙanwar dattijon nan ba ta dawo ba, ƙafar Baffa ma ba ta miƙe ba.

Roƙona ga ɗalibai, musamman masu karatun tarihi da na Hausa, ba babba ba ne. Kusan kowace unguwa a Arewa tana da tsohon soja. Ka je ka gaishe shi, ka zauna, ka nemi izininsa ka kunna rikodar wayarka. Kada ka tambaye shi jarumtaka kaɗai; tambaye shi me suka ci, wa ya rasa, me ya gani a ƙauyukan da suka shiga, me yake so a ce bai yi ba. Idan ya yi shiru, ka ƙyale shi, ka dawo gobe, amma goben gaske. Haka nan tsofaffin matan da suka jira mazan da ba su dawo ba, da Ibon Sabon Gari da suka gudu suka sake komowa. Malamanmu na jami'o'i su karɓi irin wannan a matsayin aikin kammala digiri, a kai kwafi wurare irin su Gidan Arewa da ke Kaduna. Wanda kuma Allah Ya kai shi Gabas, ko fatauci ko bautar ƙasa, ya ware awa ɗaya ya shiga wannan gida, ya gangara matakalar har ƙasa.

Yaron ya gama bautar ƙasarsa lafiya, ya dawo da 'yan kalmomin Ibo da yake tsokanar ƙannensa da su. Da sallar da ta wuce muka je Zariya tare, muka buɗe akwatin. Babu wata wasiƙa, babu bayani, sai lambar da littafin da hoton wani siririn saurayi da hular ƙarfe ta yi wa kai yawa. Kafin mu taho, ya tsaya a zaure yana kallon gurbin, ya tambaye ni ko har yanzu ana samun randa a kasuwa. Na ce ana samu. Da la'asar muka je muka sayo.

Allah Ya jiƙan Baffa, Ya yafe masa abin da muka sani da wanda ya tafi da shi. Allah kada Ya sake nuna wa ƙasar nan irin wannan rana.